Zuwa Ga Bawana Bakano, Kafin Ragon Layya Ya Faɗi

Bawana Bakano, ina gaisuwa, ko da yake a ƙa'ida kai ya kamata ka tuɓe takalmi tun daga Kwanar Dangora ka zo ka durƙusa. Ko jirgin ƙasan da ya iso muku a 1911 sai da ya tsaya ya gai da Zariya kafin ya wuce, balle kai. Amma na yafe, na san kasuwa ba ta barin ka motsi.

Babbar Sallah ta matso, shi ya sa na ce bari in ja maka kunne tun da wuri, kada a maimaita abin da aka yi da Ƙaramar Sallah. Ka tuna kwalin da ka ba direba ya kawo mini? Taliya, biskit, lemon kwali, da wani turare mai sunan Larabci wanda ko Balarabe bai san da zamansa ba. Duk daga Kasuwar Singa, an naɗe da leda mai ƙyalli. Ko takardar farashin da ke manne a gindin turaren ba ka ɓanɓare ba. Mutanen gida suka ce mantuwa ce. Na ce ba ku san Bakano ba, so yake in ga abin da ya kashe, don ranar da zai zo neman rance ya sami abin kafa hujja.

Ba raina kyauta nake yi ba, Allah Ya ƙara buɗi. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, duk kwalin nan babu abin da hannunka ya taɓa. Ko kuɗin ma ta waya ka tura, yaron shago ya ɗaure.

Kai ma fa ka tashi ka ga yadda ake yi. Tun Sallah na saura kwanaki gidan kakarka yake ɗaukar ƙamshi. A soya garin shinkafa, a haɗa da zuma da man shanu da citta da kanumfari, a yi ta kirɓawa a turmi har nakiya ta kama jikinta, irin wadda za a ajiye wata da watanni ba ta canja ba. Ga alkaki ana tsamowa daga mai ana tsomawa a ruwan sukari, ga dubulan, ga cincin. Ranar Idi kuma a jera kwanuka, a ɗora wa yara a ka, suna taku ɗaiɗai don kada miya ta ɓata sabon ɗinki. Su shiga gida su fito da tukuici, kwano kuma ba ya komawa haka nan. Babu mai tambayar daga gidan wa aka kawo. Da an ɗaga murfi an sani, domin kowace mace da hannunta a miya. To kai wa zai buɗe kwalin taliya ya ce wannan hannun wane ne?

Bana dambun nama nake so, na ragonka, kuma sharaɗin shi ne da guminka a ciki. Kada ka ce aikin mata ne ka zame. Uwargida ta dafa tsokar da albasa da citta da tafarnuwa har ruwan ya tsotse, naman ya fara rabuwa da kansa. Daga nan kai za ka naɗe hannun riga ka karɓi taɓarya. A daka shi da zafinsa har ya zama zare-zare, sannan a kai kasko, wuta kaɗan-kaɗan, ana juyawa ba tsayawa. Mai gaggawa ko dai ya ƙona shi ya yi ɗaci, ko ya sauke da sauran danshi, kafin mako ya yi funfuna. Zan gane in ka saya a bakin titi, don na sayarwa mai ya fi nama yawa.

Na san amsarka: shago ba ya rufuwa, kwastoma na jira. Ai abin da nake nema ke nan. Bakano zai iya ba ka dubu goma yana murmushi, tunda ya san gobe zai mayar da ita da riba, amma ka ce ya ba ka yini guda, sai ka ga zufa ta karyo masa. Wannan yinin nake so a zuba mini a roba a rufe.

Abin kunyar ma, ku ne fa masu aikin hannu. Kasuwar Kurmi tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa take ci. Fatar da majemanku suka jeme ita fatake suka riƙa tsallaka Sahara da ita, har Turawa suka ɗauka ta Maroko ce. Har yau karofin Ƙofar Mata bai bushe ba. Jikan waɗannan mutane ne yake aiko wa ubangidansa biskit ɗin da bai san ƙasar da aka toya shi ba.

Ni dai tawa kyautar ta kusa kammala. Hula nake ɗinka maka, da allurata, a zaure bayan La'asar, ina bin zane gida-gida har idona ya fara ruwa. Zaren da na saya bai isa ba, sai da na ƙaro, don na manta kan Bakano cike yake da lissafi. Akwai wani wuri ta ƙeya da layi ya ɗan karkace, na bar shi da gangan. In na shigo Kantin Kwari bayan Sallah na hango ta a kan wani, ta nan zan gane ta, kuma sai ka ba ni rabona na cinikin.