Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa Ga Tsohon Wake

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya cikin rumbu, mu matan Barmu ne muka haɗa baki muka rubuto maka, domin tura ta kai bango.

Ba mu raina darajarka ba. Kai ne naman talaka. In aka cire Najeriya, babu ƙasar da ta kai Nijar noman ka a duniya. Ana shuka ka tsakanin gero, ka ba mu ƙosai da ɗanwake, ka ba tumakinmu harawa. Har Jami'ar Purdue ta Amurka ta ƙera maka buhu mai ninki uku, aka fara yaɗa shi a 2007, don kada ƙwaro ya huda ka. Wa aka yi wa irin wannan gata?

To, ga sakayyarka. A ɗora ka da hantsi, a kira azahar kana nan kana ƙwaram-ƙwaram cikin tukunya. Itace ya ƙare a koma kara, kara ya ƙare a koma kashin shanu, hayaƙi ya turnuƙe gida, yara na hamma, maigida na leƙe. Ka kuwa san yadda itace yake a ƙasarmu ta Adar? Fako ne da duwatsu. A 1984 aikin raya karkara na Keita ya fara dasa itatuwa don farfaɗo da ƙasa, kuma ba domin a ƙone su ƙarƙashinka aka dasa su ba. An ce mai haƙuri yakan dafa dutse, amma wanda ya faɗa ba shi ke zuwa daji da gatari ba.

Mun gano masu ɗaure maka gindi. Na farko tsufa: in ka daɗe a ajiye cikin zafi da laima, sinadarin da ke manne jikinka ya daina narkewa. Na biyu ruwan rijiya mai alli, wanda ke ƙara maka taurin kai. Na uku tumatir da tsamiya, duk abin da ke da tsami abokinka ne. Shi kuwa hayaƙi ƙamshi kawai yake bayarwa, ba ya nunar da kowa. 

Saboda haka ga sharuɗɗanmu. Za mu jiƙa ka daga isha'i zuwa asuba. Za mu rufe tukunya, in ruwa ya ƙone mu ƙara mai zafi. Tumatir ba zai gan ka ba sai ka yi laushi. Sannan mu turo maka dodonka, wato kanwa. 'Yar kaɗan za mu jefa, don mun san halinta: in ta yi yawa ta mayar da kai ja, ta kashe bitamin B1, ta bar mutum da zaryar bayan gida.

In duk wannan bai sa ka saduda ba, mai injin niƙa maƙwabcinmu ne. Za mu surfe ka, mu markaɗe ka, mu saki a mai. Ba mu taɓa jin ƙosan da ya yi gardama ba.

Wassalam.

Masu jajayen idanu,
Matan murhu, Barmu, Jihar Tawa