Tuntuɓen Alƙalami

Duk mai tace bidiyon biki a Kano ya san watan Disamba ba na barci ba ne. Kamu, sa lalle, dina, yinin biki, walima, kowanne da kyamara biyu, kuma kowace amarya so take a ba ta nata kafin lallen hannunta ya goge. A tsakiyar wannan hada-hadar wuyan hannuna na dama ya shiga yajin aiki. Da fari tsami ne, daga baya yatsan da nake danna mawus da shi ya fara dindiris. Na shafa man zafi, na ɗaura bandeji. Maiɗakina ta ce hannun abokan sana'a ne, a nemi tsari.

Wani abokina mai tace finafinai a Titin Zoo ya kalli bandejin ya yi dariya. Ya ce, "Malam, ba sammu ba ne, mawus ne. Hannunka a kife yake wuni guda, yatsa ɗaya na aikin mutum goma. Ka sayi allon zane. Manya da alƙalami suke aiki." Daga nan ya buɗe min littafin tarihi. Tun 1981 aka fito da wata na'ura mai suna Quantel Paintbox a Ingila, wadda gidajen talabijin suka riƙa zana hotunansu da alƙalami a kanta. Kamfanin Wacom na Japan, wanda ya fi kowa suna a harkar, a 1983 aka kafa shi, kuma alƙalaminsa ba ya cin batir, allon ne ke aiko masa da ɗan ƙarfin maganaɗisu ya mayar da amsa. Duk gaskiya ya faɗa. Abin da ya manta bai faɗa ba shi ne cewa kada mutum ya koyi abin a watan Disamba.

Na sa aka kawo min wani ɗan ƙarami, na hannu, daga Legas. Wurin da ake zane a kansa bai wuce santimita 15 a faɗi ba.

Mawus yana da haƙuri. Ka tura shi, ka ɗaga, ka dawo da shi baya, kibiyar tana nan inda ka bar ta tana jiranka. Allo ba ya wannan kara. Kowane lungu nasa yana da takwaransa a sikirin: ka kai alƙalami kusurwar dama ta sama, kibiya ta dira can nan take. To ni sikirin biyu gare ni a jere, kowanne ɗigo 1920, wato 3840 ke nan aka cusa cikin santimita 15. Lissafa da kanka. Motsin milimita ɗaya, kibiya ta tsallake ɗigo 25. In na yi atishawa sai in neme ta a ɗaya sikirin ɗin.

Ga wata kuma. Ba sai alƙalami ya taɓa allo kibiya ke motsi ba, shawagi ake yi da shi a sama kaɗan. Taɓawa ita ce dannawa. Don haka duk sanda hannuna ya gaji na sauke shi in huta, na danna wani abu ke nan. In na daɗe a sauke, wani zobe ya zagaye kibiyar, jerin umarnin da ban nema ba ya buɗe. Danna sau biyu kuwa sai mai tsarkin zuciya, domin dole tsinin ya sauka wuri ɗaya sau biyu cur. In ya goce ko da gashi ɗaya, kwamfuta ta ɗauka ja kake yi. Ta haka foldar wata amarya ta tare a cikin foldar wani ango da ba nata ba, na yi ta cigiya har bayan La'asar.

Ana cikin haka gwaggona ta biyo ta shago. Ta daɗe tana kallona ina zane a kan baƙin allon da babu abin da ke fitowa a kansa, idona kuma yana wani wuri dabam. Ta ce, "Ikon Allah. Duk bokon nan da kwamfutar nan, ashe makarantar allo ka komo. To ina tawadar?" Na ce babu. Ta ce, "Shi ya sa ba ya zama."

Kada in ci amanar abin, akwai inda ya burge ni. In za ka zagaye fuskar amarya ka ƙara mata haske ba tare da ka ƙone farar rigar ango ba, ko ka bi layin sauti kana ɗaga muryar waliyyi kana danne ihun yara, alƙalami ya yi wa mawus fintinkau. Hannu yana tafiya yadda ya saba tun firamare. Amma matakan dannawa 4096 da aka rubuta a kwalin, wato yadda allon ke gane ka danna da ƙarfi ko a hankali, na masu zanen hoto ne. Yanka bidiyo bai san ka danna da tausayi ba. Yankan ma, in za a faɗi gaskiya, hannun hagu ke yin rabinsa a kibod, da J da K da L.

Sai aikin wata dina ya zo. Mahaifin amarya attajiri ne mai mata biyu: Hajiya Babba, wadda ta haifi amarya, da Hajiya Ƙarama. Wanda ya kawo min aikin ya ja min kunne tun a bakin ƙofa cewa a auna fitowar kowacce da ma'auni.

Ni kuwa al'adata, ba na amfani da sautin kyamara a dina, ya cika hayaniya. Daga na'urar masu kiɗa nake ɗaukar sauti mai tsabta, in jera shi a ƙarƙashin hoto, ba a ɗaure suke da juna ba. Na gama komai tsaf. Na matse bikin awa biyu ya shigo sikirin ɗaya don in yi masa kallon ƙarshe, wanda a haka kowane ɗigo ɗaya kusan daƙiƙa huɗu ne. Na kai alƙalami na ɗan taɓa guntun sautin wurin liƙi, don kawai in ga sunansa. Tsinin ya zame rabin milimita. Ido bai gani ba. Sauti ya matsa gaba da kusan minti guda, kuma da yake kyamara tana kan filin rawa, ba a ganin bakin mai gabatarwa balle a gane. Aka ɗauke wuta, janareta na shan fetur, na sa renda na zuba a filas na aika.

A falon Alhaji aka kunna, dangi sun cika har ƙofa. Abin da suka gani, kamar yadda yayan amarya ya ba ni labari yana share hawayen dariya, shi ne: Hajiya Babba ta taso cikin leshi mai nauyi, ƙawaye na take mata baya, bandir ɗin sababbin kuɗi a hannu, tana taku ɗaiɗai. Daidai nan muryar mai gabatarwa ta cika falon: "Jama'a, don girman Allah, tsohuwar motar nan da ta tare hanya, a zo a janye ta." Bayan minti guda Hajiya Ƙarama ta shigo fili, sai ga kirari yana sauka a kanta: "Ga uwar amarya! Uwargida ran gida! Wadda Alhaji ba ya tsallake maganarta!"

Washegari ko shara ba mu gama ba Hajiya Babba ta iso shago. Ba ta zauna ba.

"Kai ɗan nan, nawa ta ba ka?"

"Ranki ya daɗe, wallahi ko sisi. Tuntuɓen alƙalami ne."

"Alƙalami? Fim ɗin da alƙalami ake yin sa? Ni za ka mayar ƙaramar yarinya?"

Na ɗauko shi na miƙa mata. Ta jujjuya shi, ta ja tsinin a bayan hannunta, bai rubuta komai ba. Ta ce, "Ko biron ma na ƙarya ne." Na zaunar da ita da ƙyar, na buɗe aikin, na ja sautin ya koma mazauninsa a gabanta. Da mawus na ja, wanda yaron shagona ya zaro daga durowa ba tare da na ce masa komai ba. Ta sa na maimaita mata wurin kirarin har ta gamsu, sannan ta ce a goge na farkon tana kallo. Na goge.

Ranar na zauna na yi wa allon saitin da ya kamata. Na tsare shi a sikirin ɗaya, na kashe zoben nan, na faɗaɗa tazarar danna sau biyu, layin sauti kuma da na gama jera shi nake sa masa kwaɗo. Mawus ya koma gefen kibod, suna karɓa-karɓa da alƙalami, hannuna kuma ya yi sauƙi har na kwance bandeji.

Ana gobe Juma'a wani direba ya yi sallama, ya ajiye ambulan mai kauri a kan tebur. Ya ce Hajiya Ƙarama na gaishe ni. Ta ce kada in damu da wanda aka goge, filas ɗin farko yana hannunta, kwafi goma take so a yi mata na rabon ƙawaye. Na ce ya mayar mata da ambulan ɗinta, ina son raina. Ya ce ta san haka zan ce, don haka akwai saƙo na biyu: bikin ɗiyarta yana nan bayan Sallah, ni za a ba aikin, amma da alƙalamin nan take so a tace.