Ranar da Na Cuɗa Bijimai Biyu da Toka

Bijimai biyu na sayar a karar Ngurore kafin in iya shimfiɗa wa Hajiya dutsen nan a banɗaki. A gidan ƙanwarta a Jimeta ta gano shi, ta dawo ta hana ni sakat. Kwaz sunansa, fari sol, sai sheƙi yake yi.

Ranar da ta tafi biki Yola, ta bar tabon lalle kamar kwabo a gefen famfo, ga kuma farin zanen da ruwan burtsatsenmu yake bari in ya bushe. Na ce bari in burge ta. Ni da nake buɗe bakin sa in faɗi shekarunsa, lalle ne zai gagare ni?

Sai na tuna yadda Inna take fito da bayan tukunya. Na ɗebo toka, na ɗauko soson ƙarfe, na tuɓe riga, na duƙufa cikin zafin Afrilu, gumi har gwiwar hannu. Tabon ya tafi kam, amma ya tafi da sheƙin. Wurin ya dushe kamar idon kifin Binuwai da ya kwana a tire. Na kwarara Hypo tsura, na tafi Azahar. Na dawo na tarar fari ya koma ɗorawa-ɗorawa, ga wari har zaure. Don in kashe warin, na cika kaskon turarenta da garwashi, na ɗora a kai.

Yaron da ya sa mana dutsen ya zo daga Jimeta da la'asar. Ya daɗe yana kallon zoben ƙunar da kaskon ya bari.

"Alhaji, wa ya yi wannan aika-aika?"

"Yara ne."

"Kai, yaran nan suna da ƙarfi."

Ashe ba dutse ba ne irin wanda ake fasowa daga tsauni. Garin dutse ne, kusan kashi 90 cikin 100, sauran kuwa ƙaron roba da launi, aka matse a masana'anta. Ba ya tsotsar ruwa, don haka lallen a sama-sama yake zaune. Sabulun wanke-wanke, ruwan ɗumi da tsumma mai laushi sun isa, sai a tsane wurin kada ruwa ya bushe a kai. Ƙaron nan ne ba ya shiri da bilic, da soda, da wuta, da duk wani abu mai kankara. Wato abu huɗu ya lissafa, uku na yi kafin la'asar.

"Ƙunar fa?"

Ya girgiza kai, ya karɓi kuɗin mota.

Na ɗora buta a kan zoben, ta rufe shi cif, kamar don ita aka auna. Na ji daɗin dabarata har Magariba, lokacin da Hajiya ta dawo ta shiga alwala.

Shiru. Can sai na ji muryarta, a tausashe.

"Alhaji, saura bijimi nawa a garke?"