Sannunku da Babbaka

Ranku ya daɗe, mahukuntan Najeriya, a gaishe ku da aiki. Tun bayan gano mai a Oloibiri a 1956 da fara haƙarsa aka kunna wata wuta, kuka gaje ta, ba ku bari ta mutu ba. Iskar da ke fitowa tare da ɗanyen mai, wadda akasarinta metan ce, ana babbaka ta dare da rana a Neja Delta. Dokar 1979 ta ce a daina daga 1984. Kuka ga an yi garaje, kuka ɗage zuwa 2008, sannan 2020, yanzu kuma 2030. Haƙuri sai manya!

Masanan ƙasashen waje kuwa, wahalar da kansu kawai suke yi wajen neman amfanin wannan iska. Metan taurin kai gare ta, ba ta yarda ta haɗu da komai sai an matsa mata, in kuma aka matsa da yawa ta ƙone ƙurmus. Tun 1993 masu bincike a Dalian ta ƙasar Sin suka nuna cewa in aka ɗora molibdenum a kan ziyolait, wani gari mai ƙananan ramuka, yana ingiza metan ta koma benzin kai tsaye. Wasu na gwada jan ƙarfe domin samun metanol. Har gobe baƙar dauɗa na toshe musu ramukan, su share, su sake. Ku kuwa ashana ɗaya ta raba gardama.

Nan Minna ma akwai masu irin wannan karambanin. Malaman Jami'ar Fasaha ta Tarayya sun haɗa ziyolait daga farar ƙasar Ahoko ta Jihar Kogi, na Zariya sun haɗa daga ta Ƙanƙara. Madalla da kuka bar takardun suna hutawa a kan kanta.

Bututun gas na Ajaokuta zuwa Kano, mai kilomita 614, wanda ya ratsa jiharmu, an ƙaddamar da shi a Yunin 2020 da alƙawarin wata 24. Babban aiki ai ba ya son gaggawa.

Ladan duk wannan yana wajen wata mata a unguwar Maitumbi. Tulun gas ɗinta na ƙarƙashin gado fanko, tana fifita gawayi da murfin tukunya, idanu jajir, goyo na tari a bayanta. Dazuzzukanmu kuma suna shigowa gari buhu-buhu a bayan mota.

Mai karatu, ranar da ɗan majalisarku ya zo neman ƙuri'a, ka tambaye shi a gaban jama'a: wace shekara za a kashe wutar nan ta Neja Delta?