Kowa Ya Yi Hausa, Dala Biyar

Tun da kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ba Hausa kujerar harshen ƙasa, ya jera Ingilishi da Faransanci a matsayin harsunan aiki, fadarmu ta nan Tawa ta ɗaura aniyar buɗe baki. Akwai 'yan kasuwa a cikinmu, da ɗaliban Jami'ar Djibo Hamani, da 'yan biɗa da suka dawo noma. Galibinmu mun sha Ingilishi tun daga sizyam. A ba mu takarda mu karanta, a kunna rediyo mu kama rabi mu cike sauran da zato, amma a ce mu yi magana, sai harshe ya yi nauyi. Muka sa doka: Talata da Alhamis bayan isha'i, duk wanda ya saki Hausa ko Faransanci ya jefa dala biyar a gwangwani. Shekarar da gwamnati ta ɗaga Hausa, a ita muka sa mata tara. Sukari dai bai ƙara yanke mana ba.

Mai shayi ya fi kowa wayo. Tun daren farko ya kama buta da mafici, kuma duk sa'ad da layi ya zagayo kansa, lokacin ne shayi ke shirin zuba a gawayi. Abokin tafiyarsa shi ne mai tanadi, wanda ya sayi ƙamus biyu, ya cika waya da manhajoji, ya ce zai fara magana da zarar ya gama tara kalmomi. Yana nan yana tarawa.

Sai Mushe. Lissafi yake koyarwa, amma jerin fi'ilan nan masu taurin kai da aka sa mu haddacewa a kwaleji, har yau bai zubar da ko ɗaya ba. Muna bisa tabarma yana bisa kujerar roba, jan biro a aljihun gaba, ido a rufe. Ka fara ba da labarin yadda motarku ta kwana a hanyar Abalak, kalma ta uku sai yatsa ya tashi: ka manta “s” ɗin da ake liƙa wa fi'ili in ana zancen shi ko ita. Ka koma ka liƙa. Yatsa ya sake tashi, wai sigar da ka ɗauko ta abin da ya wuce ya ƙare ce, alhali zancenka na abin da ya wuce bai ƙare ba ne. Zancen kuwa ya ƙare, don ka riga ka manta inda motar ta tsaya.

Wani dare ya tsare Alhaji mai albasa a kan sautin nan da ake sa harshe tsakanin haƙora. Ya haska bakinsa da fitilar waya, ya ce, “Alhaji, ku duba nan, halshe waje.” Dattijo mai jikoki ya yi ta fiddo harshe yana fesa yawu, har ya gaji ya ce, “Mushe, ni dai so nike in hwaɗa ma mutumen Onica kuɗin buhun albasar Galmi, ba limanci za ni yi Landan ba.” Aka ce dala biyar. Ya jefa goma, ya ce sauran na abin da zai ƙara faɗi ne in Mushe bai kashe fitilar ba.

Duk wannan bayani da Faransanci Mushe ke yin sa, kuma ba ya biyan ko dala, don ya yi wa kansa fatawa cewa bayani ba hira ba ne. Rannan wani baƙo ɗan Gana ya tsaya yana tambayar hanyar tasha da Ingilishi. Duk muka juya wajen kujerar roba. Mushe ya gyara murya, ya dubi sama, leɓe na motsi, yana neman sigar da ta dace. Garinmu ne ya karɓi kokowar takobi ta farko a 1975, mun kuwa san ɗan kokowar da ke zagaya fili da layu da kirari, a buga masa ganga sai gwiwa ta tuna da tsohon ciwo. Kafin jimlar ta haɗu, Ɗan Legas ya riga ya kwatanta wa baƙon hanya, ya ji sunan garinsu, har ya sayar masa da cuku.

Ɗan Legas a Agege ya kwaso nasa, buroka ce tsantsa. Ya ce har ka wuce Ƙonni ka shiga Illela da Sakkwato, Hausa ta ishe ka, sai ka gangara kurmi yunwa za ta koya maka sauran. Mushe ya rantse abin da yake yi ba Ingilishi ba ne. Ko ma mene ne, ana sayen sa. Kusa da shi akwai ɗalibin da ke ɗauko kalmar Faransanci ya lanƙwasa mata wutsiya da muryar fim ɗin Amurka. Sau da yawa sai ta faɗa daidai, shi ya sa har yau ba a daidaita ba ko tara ta hau kansa.

Autanmu shi ne Ɗan Japan. Naruto ya raine shi, gaisuwarsa da ranƙwafawa, kuma kowane mako sai ya kawo shawarar mu koma Japananci. Aka gaya masa baƙaƙen hiragana 46 ne, katakana ma 46, sannan kanji 2,136 ke cikin jerin da gwamnatinsu ta fitar a 2010, kuma ofishin jakadancin Japan mai kula da Nijar a Abijan yake. Ya ce Abijan ai unguwar 'yan Adar ce. Baba direba ne ya kwantar da shi. Baba ya ga Japanawan hukumar JICA da suka fara shirin “Makaranta Don Kowa” a jihar Tawa a 2004, ya ga matasansu 'yan sa-kai kafin a kwashe su a 2011. Ya ce, “Ɗana, su kasuwar Lahadi suka shiga, suna kwaɓa Hausa mata na dariya suna dariya, hat ta zamna musu. Kai ka gama da wanga tukuna.”

Ni kuwa sakatare ne. Gwangwani a hannuna yake, da littafin tara, kuma aiki ne mai son natsuwa, ba a haɗa shi da surutu.

Duk waɗannan ina shan shayi da su da zuciya ɗaya. Wanda ba na iya haɗiyewa shi ne mai waya. Akwai wani yaro ɗan kabu-kabu da bai wuce firamare ba, yakan aje babur ya zauna a bakin tabarma yana saurare. Ranar da ya yi ta maza ya ba da labarin mahaifiyarsa, yana tuntuɓe yana tashi, har Mushe ya riƙe yatsansa, ashe mai wayar yana naɗar muryar. Kafin safiya ta zagaya WhatsApp, an haɗa ta da hotunan dariya, abokan aikin yaron suna kwaikwayonsa a tasha. Mai wayar da kansa bai taɓa haɗa jimla biyu a gabanmu ba. Da aka yi masa magana ya ce wasa ne. Wannan ba wasa ba ne, mugunta ce, kuma tun ranar yaron bai sake taka fadar ba.

Yanzu wayoyi a ƙwarya ake tara su kafin a ɗora buta, shi kuma mai wayar mun sallame shi, da yawun Mushe da na Alhaji. Duk wanda ya san yaron nan, don Allah ya gaya masa ya dawo ranar Talata. Mun yafe masa tara har ƙarshen shekara.