Ƙofa 18, Rami 8

Alhaji zai aurar da 'yarsa, ya ce waƙar bikin ta gargajiya yake so, da kalangu da 'yan amshi da maroƙi, ban da fiyano. Mutum 12 ke nan. Ni kuwa saunkad ɗina, akwatin nan da ke karɓar sauti daga makirufo ya miƙa wa kwamfuta, rami 2 gare shi. Ya ishe ni aikin yau da kullum, a haɗa kiɗa a FL Studio, mawaƙi ya shigo shi kaɗai ya ɗora murya. Amma makaɗan gargajiya sai suna ganin idon juna hannunsu ke tafiya. Na karɓi kafin alƙalami, na bugi ƙirji na ce kowa zai samu layinsa daban, duk wanda ya yi tari a goge shi ba tare da an taɓa saura ba.

Na yi odar wani daga Legas, an rubuta ƙofar shiga 18 a jikin kwalinsa. Na ce to, har da rarar 6.

Da ya iso na ƙirga ramukan makirufo, 8. Na juya shi, na leƙa ƙarƙashi, har girgiza kwalin na yi. Ashe lissafinsu daidai ne, ta wata hanya suka bi. Akwai wata 'yar taga a baya mai jan haske, ADAT, wadda ke ɗaukar layi 8 ta wayar haske, sai wani ramin na S/PDIF mai ɗaukar 2. Amma makirufo ba ya shiga ko ɗaya cikinsu. Sai ka sayi wani akwatin mai nasa ramuka 8, ka jona. Ribar aikin ta bi motar Legas.

Na jona, sai ƙas, ƙas, ƙas a cikin sauti. Kowane akwati da nasa agogon, dole a naɗa ɗaya shugaba ɗayan ya bi, ni kuma na bar direba biyu a mota ɗaya. Da na gyara sai son burga ya taso, na ɗaga ɗaukar zuwa kilohaz 96, don in samu abin faɗa wa Alhaji. Nan take 'yan amshi 4 suka ɓace, domin a wannan matakin tagar rabin layukan take iya ɗauka. Na lallaɓa na koma 48, ban ce wa kowa uffan ba.

Ranar aiki na gaya wa yarona ya kunna wa makirufon mawaƙi wutarsa ta bolt 48, irinsa ba ya aiki sai da ita. Mawaƙi ya ja da baya. "Injiniya, wuta ce a ciki, ka ce in kai bakina?" Sai da na manna leɓena a jiki gaban jama'a.

Baba mai kalangu ya sa abin kunne, ya buga, ya tsaya. Ya sake bugawa, ya cire ya duba bayan labule.

"Yaro, wa ke kwaikwayona?"

"Baba, kai ne."

"Ni ban taɓa yin latti a kiɗana ba."

Gaskiyarsa. Kwamfuta tana tara sauti tukuna ta sarrafa, na bar ma'aunin a 1024, abin da ya haura kashi 20 cikin 1,000 na daƙiƙa wajen shiga kawai, ban da fitowa. Kunnena bai damu ba, na Baba ya kama ɓarawo. Na rage zuwa 64, kwamfuta ta fara kakari. A ƙarshe na danna maɓallin da ke mayar wa mutum sautinsa kai tsaye daga akwatin, Baba ya ce yanzu munafukin ya fita.

Waƙa ta yi daɗi, ba yabon kai ba. Washegari Alhaji ya kira.

"Injiniya, maroƙin nan ya wasa wani ɗan'uwana da ba ma ga maciji. Cire min sunan."

"Ranka ya daɗe, aikin minti 1 ne. Saboda irin wannan na sayi kayan."

Na kashe layin maroƙi. Sunan na nan raɗau. Ɗaki ɗaya muka cusa su, shi kuwa bawan Allah muryarsa ta saba cika filin biki, ta shiga sauran makirufo 11, har da na kalangu. Na kira Alhaji na tambaye shi ko babu halin a yi sulhu kafin ɗaurin aure.