Wasiƙa Daga Toronto: Labarin Jan Farce

Yaya,

Ya gida, ya yara, ya ƙafar Inna? Maganar fili da ta bikin auta sai mun yi waya. Mu lafiya lau, maigidan ya ƙara tumbi, sanyi ya shigo da ƙarfinsa, magariba tun kafin ƙarfe 5. Gyara zama ki sha labari.

Matan ƙasar nan farcensu ma yana bin kalanda. Da zafi ki ga ruwan hoda, ki ga ruwan goro, kowa da nata. Ganye na fara zuba a watan Oktoba, sai ka ce shela aka yi: daga mai karɓar kuɗi a kanti har likita, kowa ta koma ja mai duhu, kalar zoɓon da ya kwana a jiƙe. Na tambayi wata abokiyar aikina wa ya kafa dokar. Ta dafa ƙirji, wai ai ba a shiga sanyi da farce mai haske! Ta zaunar da ni ta ba ni tarihi tun daga 1994, shekarar da kamfanin Chanel ya fito da nasa mai suna Rouge Noir. Wallahi yadda take jero kalolin nan, ko Goggo ba ta jero dangin mijinta haka.

Ta ja ni shagon da ake yi. A kankare, a shafa, a tura hannu cikin wata 'yar na'ura mai shuɗiyar fitila ya bushe, a sake shafawa, a sake turawa, a biya kuɗin da zai yi miki cefanen mako. Ranar cirewa kuma a jiƙa auduga da sinadari, a naɗe kowane yatsa da takardar gwangwani, mace ta zauna hanci na ƙaiƙayi ba damar sosawa.

To ga inda dariya ta kusa kashe ni. Muna fitowa ta zura safar hannu mai kauri! Haka za ta yi ta yawo har Maris. Farcen nan ba mai ganinsa sai kofin shayinta. Na tabbata akwai wadda mijinta sai bazara zai san ta yi kwalliya.

Ni dai kin san jan farce ba ya barin ruwan alwala ya taɓa farce, sai in ina fashin salla zan iya. Amma lallen da kika ƙunsa mini kafin in taso yana nan a rabin farcena. Abokiyar aikin nan ta kama hannuna tana juyawa, wai wane shago, wace lamba ce kalar? Na ce shagon yayata ne, a tsakar gida, kan tabarma, ana yi ana zagin mutum in ya motsa. Ba ya ɓarewa, ba ya hana salla, sai farce ya tsiro ya tafi da shi. Yanzu duk ofis sun san sunanki.

Na sayi lallen kanti na gwada ƙunsawa daren Juma'a. Hagu ta yi kyau. Dama babu mai sa mini, babu mai ɗaura leda, babu mai ba ni ruwa a baki.

Don Allah duk mai tahowa ki ba shi lalle, dakakken gida, mai yawa, har da na mutanen ofis. Ki ce wa auta kada ta kuskura a yi ƙunshin biki ba a kira ni ta bidiyo ba. A gaida Inna da kyau.

Ƙanwarki.